Yadda Ake Tantance Kwatabak Ɗan Sakandare Kafin A Ce Zai Iya Buga Wa Jami'a

A ƙwallon Amurka, kwatabak shi ne ɗan wasan da ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane hari. Ko ya jefa ta, ko ya damƙa wa mai gudu, ko ya ruga da ita da kansa. Tantance shi ya fi na kowane ɗan wasa wuya, har ƙwararru ma suna shan ƙasa a kai. Josh Allen ya gama sakandaren Firebaugh a Kalifoniya babu wata babbar jami'a da ta ba shi gurbi. Sai da ya bi ta ƙaramar kwalejin Reedley kafin Jami'ar Wyoming ta ɗauke shi, a 2018 kuma ƙungiyar ƙwararru ta Buffalo Bills ta zaɓe shi na 7 a zaɓen sababbin 'yan wasa na duk faɗin ƙasar.

Wannan bayani na wanda aka ce wa "duba mana yaron nan" ne, ko sabon mataimakin koci, ko uba, ko kawun da ke zaune a Amurka yana so ya san gaskiyar matsayin ɗansa. Aikin duka abu ɗaya ne: ka ware abin da yaron ya yi da kansa daga abin da tsarin kocinsa da abokan wasansa suka yi masa.

Kayan aiki

Cikakken bidiyon wasa uku aƙalla, daga busa ta farko zuwa ta ƙarshe. Yawancin makarantu suna ɗora wasanninsu a shafin intanet na Hudl, kocin yaron kuma zai iya turo maka. In da hali, a samo wanda aka ɗauka daga sama ta gefe, inda 'yan wasa 22 duka suke fitowa, da wanda aka ɗauka daga bayan fili.

Kwamfuta ko babbar waya da za ta iya tsayar da bidiyo ta riƙa matsa shi hoto-hoto.

Takarda da biro, agogon daƙiƙa, da tef ɗin awo.

Sakamakon karatunsa daga makaranta, da shekarar haihuwarsa.

Jadawalin wasannin ƙungiyarsa, wanda za ka samu a shafin intanet na MaxPreps.

Idan babu bidiyon sama, ka sa wani ya hau can saman benci ya ɗauka da waya a kwance. Ka gargaɗe shi kada ya riƙa bin ƙwallo yana matso da hoto. Masu tsaro kake so ka gani.

1. Fara da sanin inda yake wasa

Kafin ka kunna komai, bincika su wane ne yake karawa da su. Babbar makaranta a Teksas ko Jojiya ko kudancin Kalifoniya, inda masu tsaron da ke gabansa su ma jami'o'i ke zawarcinsu, ba ɗaya take da makarantar ƙauye da ake buga wasan mutum takwas-takwas ba. Wannan ba dalilin raina yaron ƙaramar makaranta ba ne, amma dole ka san da wane mudu kake awo.

Sai tsarin kocinsa. Akwai makarantun da gudu da ƙwallo suka sa gaba, kwatabak bai fi ya yi jifa goma a wasa ba. Akwai kuma masu baza 'yan wasa a faɗin fili, yaro ya yi jifa arba'in, rabinsu gajeru ne zuwa gefe. Na biyun zai tara alƙaluma masu ɗaukar ido ko da bai kai na farko ba. Shi ya sa yawan yadi da yawan maki da ke shafin MaxPreps ba hujja ba ne, manuniya ce kawai. Duba shekarunsa kuma. Wasu iyaye kan maimaita wa yaro aji da gangan don ya fi tsaransa girma, sai ka ga ɗan 19 yana wasa da 'yan 17. Irin wannan ya kusa gama girma, ɗayan kuwa da sauransa.

2. Kalli bidiyon zaɓaɓɓun wasanninsa sau ɗaya

Kowane yaro yana da gajeren bidiyo da aka tsinto mafi kyawun abin da ya yi. Kwandon tumatir ne, manyan a sama suke. Ka kalle shi sau ɗaya don ka san iyakar abin da hannunsa da ƙafarsa za su iya a ranar da komai ya yi daidai, sannan ka rufe shi. Babban kuskuren sababbin shiga shi ne yanke hukunci a nan. Haka taurarin da shafukan tantance 'yan wasa irin su 247Sports ko Rivals suka ba shi: kada ka duba su sai ka gama naka aikin, don in ka riga ka ga taurari huɗu idonka zai riƙa nema masa uzuri. Patrick Mahomes taurari uku aka ba shi lokacin yana sakandaren Whitehouse.

3. Zaɓi wasa uku, ka rubuta kowace jifa

Zaɓi wasan da suka kara da ƙungiya mafi ƙarfi a jadawalinsu, da wasan da aka cinye su, da wani na ƙarshen kaka. Kada ka bari yaron ko babansa su zaɓa maka.

Ja layuka a takarda. Ga kowane harin da aka yi niyyar jifa, rubuta: dama ta nawa ce cikin huɗun da ake ba masu hari su ci yadi goma, yadi nawa ya rage, tsawon jifar a iska, ko an matsa masa ko ba a matsa ba, wa ya fara duba kuma wa ya jefa wa, sannan inda ƙwallon ta sauka a jikin mai cafkewa. Kada ka rubuta "an cafke" ko "ba a cafke ba" kawai. Jifa mai kyau da mai cafkewa ya zubar, ta kwatabak ce, ka ba shi makinsa. Jifar banza da yaro mai tsayi ya yi tsalle ya ƙwato daga hannun mai tsaro, wannan ka rubuta ta a matsayin laifi ko da ta zama maki shida.

Da ka gama, cire duk jifar da aka yi a bayan layin da ake fara hari daga kansa da waɗanda ba su kai yadi biyar ba, ka sake lissafi da abin da ya rage. Na sha ganin yaron da takarda ta ce yana dacewa da kashi 70 cikin ɗari, ana cire gajerun jifa sai ka ga kusan babu komai a ƙasa. Sannan ka zagaye dama ta uku da ta huɗu idan yadi bakwai ko fiye ya rage. A nan kowa a filin ya san jifa za a yi, babu wata dabarar koci da za ta ɓoye yaro.

Aikin yana cin lokaci, wasa ɗaya zai iya cinye maka yamma guda. Kada ka gajarta shi.

4. Abubuwa uku da ake nema a cikin jifa

Na farko, inda ƙwallo take sauka. Mai cafkewa yana gudu a tsallake, shin ƙwallon ta same shi a gaba ya ci gaba da gudunsa, ko sai da ya rage sauri ya juyo? Idan mai tsaro yana ta ciki, an jefa ta kafaɗar waje? Idan akwai mai jiran ya yi masa karo a tsakiya, an saukar da ita ƙasa don a kare shi? A sakandare masu cafkewa kan kuɓuce da tazarar yadi biyar, ko'ina ka jefa za ta shiga. A jami'a tazarar ba ta wuce taku ɗaya.

Na biyu, kuma shi na fi ba muhimmanci, lokacin sakin ƙwallo. Ga yadda za ka gwada. Matsa bidiyo hoto-hoto har zuwa daidai inda ƙwallo ta bar yatsunsa, ka tsayar. Yanzu ɗauke idonka daga kansa ka nemi mai cafkewar. Idan ya riga ya karya kwana, ya juyo, yana ɗaga hannu, to yaronka sai ya ga mutum a buɗe yake jefawa. Idan kuwa mai cafkewar bai ma dasa ƙafar juyawa ba, bayansa ne ke kallon kwatabak, amma ƙwallo ta riga ta tashi zuwa wurin da babu kowa tukuna, to ka sa babbar alama. Yaron yana ganin abin da zai faru kafin ya faru. Wannan hali yana da wuyar koyarwa, kuma shi ne yake raba waɗanda suke ɗorewa a jami'a da waɗanda suke tsayawa a benci. Ko sau uku ka gani a wasa guda, abin kirki ne ga ɗan sakandare.

Na uku, idonsa. Fuskar hular kwanonsa za ka bi. Yana kafe mutum ɗaya da ido tun daga karɓar ƙwallo? Mai tsaron baya na jami'a zai bi idon nan ya je ya tare jifar. Yana iya barin na farko ya koma na biyu, har na uku, ƙafafunsa suna juyawa tare da idon? Wasu yaran suna juya kai kawai don a ce sun duba, alhali tun farko sun san wanda za su jefa wa. Za ka gane su da cewa ƙafafun ba sa motsawa.

Auna lokaci ma. Yawancin bidiyo hoto 30 ne a daƙiƙa, ke nan hoto 75 daƙiƙa biyu da rabi ne. Ƙirga daga miƙo ƙwallo zuwa sakinta. Yaron da kullum yake wuce daƙiƙa uku da rabi a jifar da ba ta da nisa, katangarsa, wato 'yan wasan da ke jere a gabansa suna kare shi, ita ce take ciyar da shi, kuma ba zai tafi da ita jami'a ba.

5. Duba shi idan an matsa masa

Koma takardarka ka tattaro duk inda ka rubuta matsi, ka kalle su a jere. Idan mai tsaro ya ɓullo, idon yaron yana nan can gaba, ko ya sauko yana kallon mai zuwa? Idan an zagayo ta gefe, yana taku ɗaya gaba cikin katangarsa, ko yana ja da baya yana ƙara wa kansa nisa? Yana gudu alhali babu wanda ya taɓa shi? Wannan na ƙarshen ciwo ne babba, kuma ya fi kama yara masu saurin gudu, don a sakandare ƙafa tana fitar da su daga kowace matsala.

Gudu baiwa ce, kada a fahimce ni a baibai. Lamar Jackson da Kyler Murray sun nuna abin da kwatabak mai ƙafa zai iya yi. Tambayar ita ce, idan ya fice daga katanga, har yanzu yana neman wanda zai jefa wa, ko ya riga ya rungume ƙwallo? Sannan ka duba harin da ya biyo bayan an kayar da shi da ƙarfi, ko bayan an tare masa jifa. Wani yakan dawo kamar ba a yi komai ba. Wani sai ya fara sakin ƙwallo da wuri don tsoro, wani kuma ya ce sai ya rama a jifa ɗaya.

Idan ƙungiyarsa ta fi kowa ƙarfi har ba ka samu matsi ko biyar ba, nemi wasannin kofin jiha ko na shekarar da ta gabata. In babu, rubuta a rahotonka cewa ba a gwada shi a nan ba. Kada ka cike gurbin da zato.

6. Ƙarfin hannu da tsayuwa

Jifa mai nisa da ake lulawa sama ba ita ce ma'aunin ƙarfin hannu ba, yara da yawa suna iya ta. Ma'aunin shi ne jifar da ake yi daga layin ajiye ƙwallo na nesa (layi biyu ne a tsawon fili, a kansu ko tsakaninsu ake fara kowane hari) zuwa bakin fili na ɗaya gefen, mai cafkewa ya yi yadi 15 ya karya waje. Faɗin fili ƙafa 160 ne, a jami'a kuma layin ajiye ƙwallo yana ƙafa 60 daga gefe, ke nan akwai ƙafa 100 zuwa ɗaya gefen. In ka haɗa da ja da bayan da kwatabak ya yi, ƙwallon za ta yi tafiyar kusan yadi 40 a iska, kuma dole ta tafi a miƙe. In ta yi lilo, mai tsaro zai riga kowa isa, ya wuce da ita.

Game da tsayuwa, fara daga ƙasa. Ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa ko fiye kaɗan, taku gajere zuwa inda za a jefa, ƙugu ya fara juyawa sannan hannu ya biyo. Wanda yake yin dogon taku ƙwallonsa kan tashi sama. Wanda yake sauke ƙwallo zuwa ƙugu kafin ya ɗago ta yana ɓata lokaci. Amma kada ka kashe yaro saboda salon hannunsa bai yi kama da na littafi ba. Matsalar ƙafa koci yana gyara ta cikin shekara guda. In ƙwallo tana fita da sauri tana sauka inda ake so, bar masa hannunsa.

7. Auna jikinsa da kanka

Tsayin da ke takardar ƙungiya kusan kullum an ƙara masa inci ɗaya ko biyu. Sa shi ya cire takalmi ya jingina da bango. Auna tafin hannun jifa a buɗe, daga kan babban yatsa zuwa kan ƙaramin. Inci 9 ne ake ɗauka mafi ƙarancin da ba a damuwa da shi, musamman ga wanda zai yi wasa a wurin sanyi da ruwan sama. Gudun yadi 40 da aka auna da hannu yakan fi na na'ura sauri, don haka ka rubuta da me aka auna.

Manyan jami'o'i sun fi son ƙafa 6 da inci 2 zuwa sama, amma kada ka mayar da tsayi hukunci. Drew Brees ƙafa 6 ne, ya kuma tsinke jijiyar gwiwa a sakandaren Westlake, jami'o'in Purdue da Kentucky ne kawai suka neme shi. Bryce Young bai kai ƙafa 6 ba, ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2021. Gajere dai dole ya fi kowa a mataki na huɗu. Duba kafaɗarsa da tsayin iyayensa kuma, don ɗan 16 bai gama miƙewa ba. Tambayi ko yana wani wasan. Mahomes ya buga ƙwallon kwando da besbol, kuma ana ganin hakan a yadda yake jifa daga kowace kusurwa.

8. Je fili

Gani ya kori ji, kuma akwai abin da kyamara ba ta ɗauka. Isa da wuri ka tsaya kusa lokacin motsa jiki, ka ji ƙarar ƙwallo idan ta faɗa hannun mai cafkewa, ka ga ko tana juyawa sumul ko tana rawa. Da an fara wasa, riƙa kallonsa a lokacin da ba ya cikin fili. Bayan hari ya lalace, ina ya nufa? Wurin koci da allon bidiyo, ko ƙarshen benci shi kaɗai? Idan mai cafkewa ya zubar da ƙwallo, me ya yi masa? Idan an kayar da shi, 'yan katangarsa suna rige-rigen ɗaga shi ko suna juya baya? Wannan yakan gaya maka abin da koci ba zai faɗa ba.

Gasar mutum bakwai-bakwai da sansanoni irin su Elite 11 suna da amfani wajen ganin hannunsa kusa da na tsaransa. Sai dai babu mai kawo masa karo a can, don haka kada ka ba su nauyin wasa na gaske.

9. Zauna da shi gaban allo

Ba shi alli ka ce ya zana harin da ya fi so, ya faɗi aikin kowane mutum, har da katanga. Sannan ka canja masa tsaro: masu tsaron can baya biyu ne, yanzu ɗaya ya sauko, ina za ka jefa? In an turo mutum shida kanka, wa zai tare wa, wane ne naka? Koya masa sabon hari ɗaya, ku yi wata hirar ta minti goma, sannan ka ce ya sake zana shi.

Daga nan kunna masa jifarsa mafi muni ka ce ya yi bayani. Saurara da kyau. Wanda ya ce "ban ga mai tsaron ya sauko ba, da na duba shi kafin a miƙo" ya san abin da ya faru. Wanda ya fara da laifin mai cafkewa ko iska, rubuta hakan. Ka yi masa magana da mutunci, yaro ne, kuma ka nemi izinin iyayensa da kocinsa kafin zaman. Idan ba za ka samu zama da shi ba, tambayi kocin ƙungiyar da suka kara da ita. Shi ba shi da dalilin yi masa kwalliya.

10. Karatu

Yaro ba zai taka fili ba in takardunsa ba su cika ba. In rukuni na ɗaya ko na biyu na NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, yake so ya buga, dole ya yi rajista da cibiyarta ta tantance cancanta. Rukuni na ɗaya yana buƙatar manyan darussa 16 da matsakaicin maki 2.3, kuma 10 daga ciki sai an gama su kafin shiga ajin ƙarshe. Rukuni na biyu 2.2 yake nema. Tun 2023 NCAA ta daina tilasta jarrabawar SAT ko ACT, amma wasu jami'o'in suna nema da kansu. Duba wannan tun yana aji biyu na babbar sakandare, lokacin da gyara yake yiwuwa.

11. Rubuta rahoto, ka faɗi matakinsa

Shafi ɗaya ya isa. Abin da yake yi da kyau yanzu, abin da koci zai iya gyarawa, abin da ba ka tsammanin zai gyaru, da abin da ba a gwada shi a kai ba. Kowace magana ka jingina ta da wasa da minti, don wani ya iya komawa ya gani.

Sannan ka ambaci mataki ƙarara: manyan jami'o'in FBS, wato saman rukuni na ɗaya, ko FCS da ke ƙasa da su, ko rukuni na biyu, ko na uku inda ba a ba da tallafin karatu don wasa, ko NAIA, wata hukuma daban ta ƙananan jami'o'i, ko kwalejin shekara biyu. Ta ƙarshen nan ba faɗuwa ba ce. Aaron Rodgers daga kwalejin Butte ya wuce Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Ka tuna kuma kwatabak ɗaya ne yake wasa a lokaci guda, kuma tun da aka buɗe ƙofar sauya jami'a a 2018, koci da yawa sun fi son ɗauko wanda ya riga ya goge a wani wuri a kan su reni ɗan sakandare. Joe Burrow kansa ya yi shekara uku a jami'ar Ohio State bai zama na farko ba kafin ya koma jami'ar LSU. Don haka kafin ka ba iyali shawarar wata jami'a, buɗe jerin 'yan wasanta ka ƙirga kwatabak nawa ne a gabansa da ajin kowannensu, ka kuma kalli wasanta biyu ka ga ko irin jifar da take nema ita ce wadda takardarka ta nuna yaron ya iya.